Ido Ga Tsohon Rediyo: Yadda Za Ka Ga Zango Da Kuɗi Kaɗan

 

Zancenmu na yau a filinmu na kimiyya da fasaha na 'yan rediyon sha'awa ne. Su ne mutanen nan masu lasisi da ke ajiye na'ura mai karɓa kuma mai aikawa a ɗakinsu, suna gaisawa da takwarorinsu na ƙasashen duniya ta iska. Babu layin waya, babu data. Kowannensu yana da lambar kira. Ta ɗan Najeriya tana farawa da 5N, ta ɗan Nijar da 5U, ta ɗan Gana da 9G.

Kai kuma mai sauraron labarai a gajeren zango, kada ka ce ba da kai ake ba. Rabin abin da za mu faɗa zai yi maka amfani.

Ga tambayar da za mu amsa. Kana da tsohon rediyo mai lafiya, mai kunne. Yaya za ka ƙara masa allon da zai nuna maka zango gaba ɗaya, ba tare da ka sayar da gona ba?

Shirin kashi biyar ne. Na farko, mene ne allon zango. Na biyu, 'yar na'urar da ta karya farashinsa. Na uku, hanyoyin haɗa ta da rediyo. Na huɗu, manhaja da daidaitawa. Na biyar, hattara da shawara. A matso da takarda da biro, akwai lambobi.

Kashi na farko: mene ne allon zango?

A ce an idar da sallar isha'i. Ka zauna gaban rediyonka, ka kunna, ka kama maɓallin neman tasha kana murɗawa. Shuuu. Ka ƙara murɗawa. Shuuu. Can sai ka ji wata murya daga nesa. Kafin ka daidaita, mai maganar ya yi sallama. Ka wuce gaba. Inda ka baro kuma wani ya fara kira, ba ka sani ba.

Me ya jawo haka? Kunnen rediyo ƙunci gare shi. Idan kana sauraron murya, faɗin abin da yake ji a lokaci guda bai wuce kilohaz 3 ba. Zangon mita 20 kuwa, wanda 'yan sha'awa suka fi cika da rana, ya tashi daga megahaz 14.000 zuwa 14.350. Faɗinsa kilohaz 350 ke nan. Wato abin da kake ji bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na zangon ba.

Kamar mai tocila ne a kasuwa da daddare. Rumfar da ya haska kawai yake gani. Allon zango shi ne a kawo wuta, kasuwar duka ta bayyana.

Allon hawa biyu ne. A sama akwai layi mai rawa. Daga hagu zuwa dama mita ce, daga ƙasa zuwa sama ƙarfin sigina. Duk inda wani yake magana, layin zai yi tsini a wurin. A ƙasa kuma akwai abin da za mu kira magangara. Hoto ne mai launuka da ke gangarowa a hankali, yana ajiye tarihin abin da ya faru daƙiƙun da suka wuce. Wanda ya yi kira ya yi shiru, sawunsa yana nan. Kana iya zuwa ka jira shi.

Da ka saba, ido zai riƙa gane sigina kafin kunne ya ji ta. Tashar labarai ta gajeren zango za ka gan ta da miƙaƙƙen layi a tsakiya, da fiffike hagu da dama. Muryar ɗan sha'awa gefe ɗaya ce, tana haske idan ya yi magana, tana dusashewa idan ya ja numfashi. Saƙon Mos siririn layi ne mai yankewa, ɗigo da ja. A megahaz 14.074 kuwa za ka ga tarin 'yan layuka suna tashi tare, suna tsayawa tare, kowane daƙiƙa 15. Wannan shi ne FT8, hanyar da kwamfutoci ke gaisawa ta rediyo, wadda ta fito a 2017.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojoji suke amfani da irin wannan allo wajen tsaron iska. Abin da ya canja shi ne kuɗinsa. Rediyoyin zamani da allonsu suke zuwa. Icom IC-7300, wanda ya shiga kasuwannin duniya a 2016, da wannan allon ya yi suna. Amma kuɗinsa wajen dala dubu ne. Mu kuwa abin dala 30 zuwa 40 muke nema.

Kashi na biyu: 'yar na'urar da ta karya farashi.

Sunanta RTL-SDR. Girmanta bai fi na filas ɗin da ake zuba waƙa ba, kuma a ramin USB na kwamfuta ake soka ta. SDR na nufin rediyon da manhaja ke yi wa aiki. A rediyon gargajiya, tace sigina da mayar da ita murya aikin ƙarafa da wayoyi ne. A SDR kuwa, na'urar tana ɗebo yanki guda na zango, ta mayar da shi lambobi, ta miƙa wa kwamfuta. Sauran aiki lissafi ne.

Asalinta ba don 'yan rediyo aka ƙera ta ba. Don kallon talabijin a kwamfuta aka yi ta. A cikinta akwai ƙwaƙwalwa ta kamfanin Realtek na Taiwan, mai lamba RTL2832U. A 2012 wani masanin manhaja ɗan ƙasar Finlan, Antti Palosaari, ya nuna cewa ana iya sa ƙwaƙwalwar ta fitar da ɗanyen sigina. 'Yan ƙungiyar Osmocom suka rubuta manhajar da ke yin haka, suka sake ta kyauta. Daga nan abin kallon talabijin ya zama rediyo mai faɗin kunne.

Ga lambobi uku. A rubuta.

Ta farko: tana kama daga wajen megahaz 24 zuwa sama da 1,700.

Ta biyu: a lokaci guda tana nuna faɗin megahaz 2.4. Zangon mita 20 gaba ɗaya zai shiga ciki har sau shida da ɗoriya.

Ta uku: ma'auninta mataki 256 ne kacal. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa, don nan rauninta yake.

Mai lura zai ce, to ai gajeren zango yawancinsa ƙasa da megahaz 24 yake. Gaskiya ne. Shi ya sa aka yi gyararrun samfura. RTL-SDR Blog V3 yana da wata hanya ta musamman da ake kunnawa a manhaja don ya sauko ƙasa. V4, wanda ya fito a 2023, an sa masa abin da ke ɗaga ƙananan mitoci zuwa inda na'urar ke ji. In gajeren zango kai tsaye kake so, ɗaya daga cikin biyun nan za ka nema. A kula, jabu sun cika kasuwa, masu kama da na ainihi har akwati. A saya wurin dillalin da aka sani.

Wanda aljihunsa ya ɗan fi nauyi, akwai SDRplay na ƙasar Ingila. Samfurinsu RSP1A yana kama daga kilohaz 1 zuwa megahaz 2,000, yana nuna faɗin megahaz 10, ma'auninsa kuma ya kai mataki dubu 16 da 'yan kai. Lokacin da ya fito, kuɗinsa ɗari da wani abu ne na dala. Akwai kuma Airspy HF+, wanda bai kai su faɗin gani ba, amma ya fi su jure wa tashoshi masu ƙarfi.

Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna bayani ne a kan yadda za a ƙara wa rediyon sha'awa allon zango da kuɗi kaɗan. Mun san allon, mun san na'urar. Yanzu sai babban aiki.

Kashi na uku: ta ina za a haɗa?

Duk wanda zai yi wannan aiki, tambaya biyu ce a gabansa. Ta ina zan ɗebo sigina? Kuma me zai kare na'urar idan na danna maɓallin magana? Zan maimaita. Ta ina zan ɗebo, kuma me zai kare ta?

Ga dalilin tambaya ta biyu. Rediyon ɗan sha'awa yakan fitar da wat 100. 'Yar na'urar nan kuwa abin da ƙofarta ke ɗauka bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na wat ɗaya ba. Tsakaninsu ninki dubu goma ne. In ƙarfin aikawa ya same ta kai tsaye, ko ƙiftawar ido ba za ta yi ba. Babu hayaƙi, babu ƙara. Allo ne kawai zai yi shiru.

Hanyoyi uku ne.

Hanya ta farko: eriya daban.

Ka miƙa wata waya a waje, ka haɗa ta da na'urar, rediyonka kuma yana kan eriyarsa. Ba ka taɓa rediyo ba, ba ka kwance ko kusa ɗaya ba. Ita ce mafi sauƙi, ita ce mafi arha. Ga mai sauraro kawai, wanda ba ya aikawa, magana ta ƙare a nan. Ya sa waya, ya soka na'ura, ya sha kallo.

Ga mai aikawa kuwa, ita ce mafi haɗari. Eriya biyu a gida ɗaya, abin da ɗaya ta fitar ɗayar za ta kwasa. Don haka sai an yi abu uku. A nisanta su iyakar filin da ake da shi. A sa 'yan diyod biyu a ƙofar na'urar, ɗaya na kallon gaba ɗaya na kallon baya, su datse duk abin da ya yi yawa. Irin mai lamba 1N4148 ya isa, kuma kowane mai gyaran rediyo ya san shi. Sannan a sa makunni mai aiki da kansa, wanda zai cire eriyar ya haɗa ƙofar na'urar da ƙasa duk lokacin da aka danna magana. Kada ka dogara da cewa za ka tuna ka zare da hannu. Ranar da za ka ji wata tasha mai nisa tana kira, ɗoki zai sa ka manta.

Akwai kuma wani aibi. Abin da allo ke nunawa na eriya ta biyu ne. Kana iya ganin sigina rediyonka bai ji ta ba, ko ya ji wadda allo bai nuna ba.

Hanya ta biyu: raba eriya ɗaya.

A nan rediyo da na'urar daga eriya guda suke sha. Abin da ido ya gani, shi kunne ke ji. Kafin ka sayi komai, juya bayan rediyonka ka duba. Wasu suna da ramin da ke fitar da siginar eriya lokacin karɓa kawai, ya rufe lokacin aikawa. Kenwood TS-590SG yana da shi. Elecraft K3 ma yana da shi, in an sa masa ɗan allon lantarki da ake kira KXV3. In naka yana da irin wannan rami, ka huta. Waya ɗaya ce tsakaninka da allon zango, kuma rediyon da kansa ne mai gadi.

In babu, sai ɗan akwatin rabawa, wanda ake sawa tsakanin eriya da rediyo. Wanda aka fi sani shi ne MFJ-1708B-SDR, akwai kuma ire-irensa na wasu kamfanoni. Lokacin karɓa yana raba sigina gida biyu. Lokacin aikawa yana yanke na'urar.

A nan akwai abin lura. Akwatin yana gane an fara aikawa ta hanya biyu. Ko dai ya ji ƙarfin sigina ya iso sannan ya rufe, ko kuma rediyo ya gaya masa ta wata 'yar waya tun kafin ƙarfin ya fito. Ta farko tana da jinkiri, ko da na ɗan ƙanƙanin lokaci ne, kuma a wannan ɗan lokacin ɓarna ke shiga. Ka ja wayar. Wayar nan ita ce ke fitowa daga ramin da ake haɗa amfilifaya a bayan rediyo. Ka ja ta, kada ka yi ƙyuya.

Raba sigina biyu yana rage wa kowane ɓangare rabin ƙarfi. A takarda abin kamar da yawa. A gajeren zango kuwa da ƙyar kunne zai lura, don hayaniyar iska ta riga ta fi hayaniyar cikin rediyo.

Hanya ta uku: ɗebowa daga cikin rediyo.

Wannan ita ce ta masu hannu, kuma sai mun ɗan leƙa cikin akwati kafin a gane ta.

Yawancin rediyoyin da aka yi kafin na zamani ba sa aiki da sigina a mitar da ta zo. Duk tashar da ka kama, ko a mita 40 ko a mita 15, rediyo yana gauraya ta da wata sigina tasa, ya mayar da ita wata mita guda wadda ba ta canjawa. Ita ake kira mitar tsakiya, a littafin rediyo za ka ga an rubuta IF. Bayan nan ne sigina ke bi ta rariya, wato abin da ke tace ta ya bar tasha ɗaya tak.

To, tsakanin magauraya, wato abin da ke wannan gaurayawar, da rariya, zangon yana nan da faɗinsa. Nan za ka ɗebo. Bayan magauraya, kafin rariya. In ka ɗebo bayan rariya, abin da za ka gani a allo ɗan siririn yanki ne, aikin banza ke nan.

Ga inda abin ya yi daɗi. A rediyoyi da yawa mitar tsakiya ta farko tana sama sosai. A Yaesu FT-817 da FT-857 megahaz 68.33 ce. A Icom IC-718, 64.455. A Kenwood TS-480, 73.095. Duk waɗannan sun faɗa cikin inda RTL-SDR mafi arha ke ji da kyau, tunda mun ce daga 24 take farawa. Ba ka buƙatar samfuri na musamman. Ka tsayar da na'urar a wannan lamba, shi ke nan, ba za ka sake taɓa ta ba. Kana murɗa maɓallin rediyo, hoton yana tafiya hagu da dama, kuma inda kake saurare kullum yana tsakiyar allo.

Wasu rediyoyin kuma mitar tsakiyarsu ƙasa take. Ta K3 megahaz 8.215 ce. Tsohon Kenwood TS-830S yana da rami a baya mai fitar da 8.83. Irin waɗannan sai V3, ko V4, ko SDRplay.

Kada a jona waya kai tsaye daga cikin rediyo zuwa na'urar. Dalili biyu ne. Na'urar za ta janye wa rediyo ƙarfi, kunnensa ya ragu. Sannan hayaniyar kwamfuta za ta biyo wayar ta shiga ciki. Sai an sa ɗan allon lantarki a tsakani, mai ɗebo kaɗan ba tare da ya nauyaya wa rediyo ba, mai barin sigina ta fita amma ba ya barin komai ya dawo. Bafa ake ce masa. Ana sayar da shi a haɗe, girmansa bai fi kan ɗan yatsa biyu ba. Dabarar masu aikin ita ce su ba shi wuta daga layin da ke kawowa lokacin karɓa kawai. Da an danna magana, bafa ya mutu, na'urar ta tsira.

Sai dai wannan aiki yana son littafin gyara na ainihin samfurin rediyonka, mai zanen hanyoyin wuta. Yana son ƙarfen dalma mai siririn baki, da madubin ƙara girma, da hannun da ba ya rawa. Kayan cikin FT-817 ƙanana ne ƙwarai. In ba ka saba ba, kai wa mai gyaran waya ko na rediyo da ka yarda da shi, ka tafi masa da zanen, ka nuna masa wurin. In kuma rediyon sabo ne yana da garanti, buɗe shi zai iya soke garantin.

Kafin mu bar wannan kashi, akwai 'yar hanya ta gefe. Wasu ƙananan rediyoyi, irin su Elecraft KX3 da Xiegu G90, suna da ramin da aka rubuta wa I/Q. Wannan ba ya buƙatar RTL-SDR sam. Waya za ka ja zuwa katin sauti mai shigar murya biyu, hagu da dama. Faɗin abin da za ka gani ya danganta da saurin katin da kuma abin da rediyon ke bari ya fita. Katunan sauti sukan zo da kilohaz 48, ko 96, ko 192.

Mu tattara. Eriya daban: arha, amma sai da gadi. Raba eriya: babu buɗe rediyo, amma a ja wayar makunni. Daga ciki: hoto mai bin maɓalli, amma sai mai hannu.

Kashi na huɗu: manhaja da daidaitawa.

Albishirinku. A nan babu biya. Mai Windows yana da HDSDR da SDR Sharp. Mai Linux yana da GQRX. SDR++ yana aiki a kusan ko'ina, har da wayar Android, in ka samu 'yar wayar OTG da ke haɗa USB da waya. Tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa. A Windows, kafin komai sai ka sa wa na'urar direba da wata 'yar manhaja mai suna Zadig, in ba haka ba kwamfuta za ta ci gaba da ɗaukar ta abin kallon talabijin.

Mataki na gaba shi ne rediyo da kwamfuta su riƙa magana. Yawancin rediyoyi suna da ramin sarrafawa daga kwamfuta, Yaesu na kiransa CAT, Icom na kiransa CI-V. Ka haɗa wayar, ka sa manhajar da ke tsakani, OmniRig ko Hamlib. Daga nan lambobin allo za su yi daidai da na rediyo. Ka ga tsini a gefe, ka danna shi, rediyo ya yi tsalle ya sauka a kai. Ga wanda ya bi hanya ta farko ko ta biyu, wannan waya kusan dole ce, don ita kaɗai ke gaya wa allo inda rediyo yake.

Matsaloli uku ne sabon shiga ke cin karo da su.

Ta farko, hoto a juye. Ka murɗa sama, sigina ta yi dama maimakon hagu. Babu abin da ya lalace. Yadda magauraya ke aiki ne a wasu rediyoyi. A manhaja akwai wurin musanya I da Q, ka danna, ya miƙe.

Ta biyu, lamba ta ɗan goce. Ka nemi tashar labarai da ka san mitarta sarai, ka daidaita allo da layinta na tsakiya.

Ta uku, sigina ta ƙarya. Kun tuna mataki 256? Ga inda yake cizo. A nahiyarmu zangon 'yan sha'awa na mita 40 ya tsaya a megahaz 7.2. Daga nan kuma manyan tashoshin mita 41 suka fara, masu aikawa da dubban ɗaruruwan wat. Da yamma suna shigowa da ƙarfin da ya fi ma'aunin 'yar na'urar. Sai ta rikice, ta riƙa zana layuka a inda babu kowa. Maganin a hannunka yake. A manhaja akwai madaidaicin ƙarfin karɓa. Sabon shiga yakan tura shi ƙarshe, yana zaton zai fi gani. Ka fara daga ƙasa. Ka ɗaga a hankali har ka ga hayaniyar ƙasan allo ta fara motsi, ka tsaya nan. In kana shakkar wata sigina, ka rage kaɗan. Ta gaske za ta ragu kaɗan. Ta ƙarya za ta ɓace ɗungurungum.

Kashi na biyar, kuma na ƙarshe: hattara da shawara.

Ranar farko da ka kunna allon, wataƙila ba tashoshi za su fara ba ka mamaki ba. Hayaniyar gidanka ce. Za ka ga layuka a jere, tazararsu ɗaya, daga farkon allo har ƙarshe. Ko wani gajimare mai yawo hagu da dama. Ga aikin da za ka yi. Ka zare cajar kwamfuta, ta koma kan batir. Ka sa yaro ya riƙa kashe kayan wuta ɗaya bayan ɗaya, kai kuma idonka na kan allo. Ya kashe ƙwan falo, babu canji. Ya zare cajar waya ta ɗakin tsakiya, rabin layukan suka tafi. Ya kashe inbatar sola, allo ya yi fes. To ka kama ɓarayin. Shekara da shekaru kana zargin eriya, ashe a gida suke. Caja a canja ta. Inbata a nisanta eriya da ita, a sa wa wayoyinta zoben ferait, wato baƙin zoben nan da kuke gani a wuyan wasu wayoyin kwamfuta. Wayar USB ta na'urar ma a sa mata ɗaya.

Sai yanayi. Da damina, hadari ya haɗu, a zare eriya daga komai, kada a jira tsawa ta fara. Da hunturu kuma busasshiyar iska mai ƙura tana tara wa doguwar waya caji, har ta ba da tartsatsi. Rediyo babba yakan jure, 'yar na'urar ba ta jurewa. In ba a aiki, a zare. Tana kuma ɗaukar zafi, musamman da bazara. A ajiye ta inda iska ke ratsawa.

Sai doka. Aikawa a iska sai da lasisi daga hukumar ƙasarku. Wanda ke son shiga harkar ya nemi ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa ta ƙasarsa, su ne za su nuna masa hanya.

To wace hanya za ka ɗauka? In sauraro kawai kake yi, V3 ko V4 da waya a waje sun ishe ka. In kana aikawa kuma rediyonka yana da ramin fitar da sigina, waya kawai za ka saya. In ba shi da shi kuma ba ka son a buɗe shi, akwatin rabawa. In tsoho ne, garanti ya ƙare, kuma kana da mai gyara na kirki, bafa da RTL-SDR za su ba ka hoton da ya fi bin hannunka.

Kafin ka kashe ko sisi, ga aikin gida guda biyu. Na farko, ka shiga intanet ka nemi WebSDR na Jami'ar Twente da ke ƙasar Holan. Rediyo ne da suka buɗe wa kowa kyauta, yana nuna gajeren zango baki ɗaya. Abin da ake ji a Holan yake nunawa, ba na unguwarku ba, amma a nan ido zai koyi karatu. Ka je 14.074 ka ƙirga daƙiƙa 15. Ka je mita 41 ka nemi layi mai fiffike biyu. Na biyu, ka ɗauko littafin rediyonka, ka buɗe shafukan ƙarshe inda aka jera bayanan na'ura, ka nemi lambar mitar tsakiya ta farko. In ta haura megahaz 24, na'ura mafi arha ta ishe ka. In ba ta kai ba, ka san samfurin da za ka nema.

Kuma duk hanyar da ka bi, kada ka danna maɓallin magana sai ka amsa tambaya biyun nan. Ta ina na ɗebo? Me ke kare ta?

A nan za mu dakata.